'Yata ta tambaye ni ina iyayen yaran suke, na rasa amsa

Maman Ilham (Winnipeg)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya fi ni sani ya warware mini wata magana da ta tsaya mini a rai kusan mako biyu ke nan.

Shekararmu huɗu a Winnipeg. 'Yata Ilham tana aji uku, shekarunta takwas. Duk ƙarshen watan Satumba makaranta kan aiko da takarda a ce yara su zo da riga mai ruwan lemo. Bara da bara waccan saya kawai na yi na sa mata, ban tsaya tambaya ba, na ɗauka irin ranakun nan ne da suke yi barkatai. To bana, da daddare ina tsefe mata kai, sai ta fara ba ni labarin da malamarsu ta ba su. Wai wata yarinya ce mai suna Phyllis Webstad, 'yar shekara shida, a 1973 kakarta ta saya mata sabuwar riga mai ruwan lemo don ranarta ta farko a makarantar kwana kusa da Williams Lake, irin waɗanda aka riƙa kai 'ya'yan 'yan asalin Kanada. Tana isa aka tuɓe mata ita, ba ta sake sa ta a ido ba. Ta ce an gaya musu ana yanke wa yaran gashi, ana hana su magana da yarensu. Ina riƙe da gashinta a hannuna ta waiwayo ta ce, "Mama, to ina mamansu take lokacin da aka zo ɗaukar su? Me ya sa ba ta hana ba?"

Wallahi ban san abin da zan ce ba. Na ce mata sai gobe.

Washegari a wurin aiki na tayar da zancen da wani dattijo Bature da muke aiki tare. Mutum ne mai kirki, shi ya koya mini aikin tun ina sabuwa, ya sha rage mini hanya lokacin hunturu. Fuskarsa ta sauya nan take. Ya ce abin an zuzuta shi. Ya ce gwaggonsa sista ce ta coci, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da yaran nan a arewa cikin sanyi da talauci, yau kuma ana ce mata mai kisan ƙare dangi. Ya ce a Kamloops, inda akwai wata tsohuwar makaranta irin wannan, an cika duniya da ihun gawar yara 215, har yau ba a tono ko ƙashi ɗaya ba. Kuma in ba don makarantun ba, wa zai koya musu karatu?

Ban iya yi masa musu ba don ban sani ba, kuma ba na son in zalunci gwaggonsa da ban taɓa gani ba. Amma ba na son in koma wa 'yata da "ban sani ba" karo na biyu. Tilas aka yi wa iyayen ko su suka miƙa? Maganar kaburburan nan fa, ƙarya ce?

Abu Hanif (Saskatoon)

Wa alaikumus salam. Maman Ilham, 'yarki ta yi tambayar da ta fi ta manya. Uwar tana nan a tsaye lokacin da aka zo, doka ce ta ɗaure mata hannu.

Bari in fara da abin da ya shafi garinku. Yarjejeniya mai lamba ɗaya, wadda aka ƙulla tsakanin sarautar Ingila da ƙabilun 'yan asali na Anishinaabe da Cree, an sa mata hannu ne a Lower Fort Garry, nan arewa da Winnipeg, a watan Agustan 1871. A cikinta an yi alkawarin kafa makaranta a kan kowane yanki da aka keɓe musu duk lokacin da mutanen wurin suka nema. Ki lura, a kan yankinsu. Wato mutanen nan ba ƙin ilimi suka yi ba, su da bakinsu suka nemi makaranta, irin wadda yaro zai je da safe ya dawo ya kwana ɗakin uwarsa. Abin da aka ba su daban.

A 1883 Firaminista John A. Macdonald ya tsaya a majalisa ya bayyana dalili ƙarara. Ya ce in makaranta tana cikin yankinsu, yaron yana tare da iyayensa, ko ya iya karatu da rubutu ɗan daji ne kawai da ya iya karatu da rubutu, don haka a janye yaran daga tasirin iyayensu iyakar iyawa. Raba ɗa da uwa ba kuskure ne da ya faru a hanya ba, shi ne tsarin tun daga tushe. Gwamnati ta ba da kuɗi, coci-coci suka riƙe makarantun, mafi yawa Katolika, sai Angilika da Metodis da Presbiteriya.

A 1920 aka gyara dokar Indiyawa ta 1876 (Indiyawa shi ne sunan da gwamnati ke kiran 'yan asalin da shi) aka wajabta makaranta ga duk yaro daga shekara 7 zuwa 15. Uban da ya ƙi, tara ko kurkuku. Yaron da ya gudu a kamo shi, kuma 'yan sanda na cikin masu kamowar. Duncan Campbell Scott, wanda ya riƙe sashen harkokin Indiyawa a lokacin, ya gaya wa kwamitin majalisa cewa manufa ita ce a ci gaba har sai babu Ba'indiye ko ɗaya a Kanada da ba a narkar da shi cikin sauran jama'a ba. Ki ƙara da wannan: daga 1927 zuwa 1951 laifi ne a tara kuɗi don kai ƙarar gwamnati a madadinsu sai da izinin gwamnatin. A yammacin ƙasar kuma an daɗe mutum ba ya fita yankinsa sai da takardar wakilin gwamnati. To uwa ta kai kuka wurin wa?

Duk da haka sun yi abin da za su iya. Akwai waɗanda suka riƙa shigewa daji da 'ya'yansu lokacin ɗiba. Yaran ma sun riƙa gudu. Chanie Wenjack ɗan shekara 12 ne ya gudu daga makarantar Cecilia Jeffrey a Kenora cikin Oktoban 1966, ya kama layin dogo da ƙafa zai koma gida, tafiyar kusan kilomita 600. A gefen layin aka tsinci gawarsa, sanyi da yunwa. A 1970 kuma iyaye suka mamaye makarantar Blue Quills a Alberta suka ƙi tashi har sai da gwamnati ta miƙa musu ita.

Yara sama da 150,000 suka bi ta makarantun nan. Ta Gordon da ke nan lardinmu sai 1996 aka rufe ta.

Injiniya Sule (Calgary)

Malam, ban musa abin da ka kawo ba, amma a ba dattijon nan gaskiyarsa a inda yake da ita.

Ina nan a watan Mayun 2021 lokacin da labarin Kamloops ya fito. Jaridu suka rubuta kabarin bai-ɗaya, aka sauke tuta ƙasa-ƙasa wata da watanni, aka ƙona coci-coci a wannan bazarar, wasunsu ma a kan yankunan 'yan asalin ne, su ke ibada a ciki. Ni aikina ya haɗa ni da na'urar rada mai hango ƙarƙashin ƙasa. Ba ta nuna ƙashi. Abin da take nunawa shi ne an taɓa tona ƙasa a nan, ko akwai wani abu da ya bambanta da kewayensa. Yana iya zama kabari, yana iya zama tsohon rami ko saiwar itace. Masaniyar da ta yi aikin ma bayan wata biyu ta rage adadin zuwa 200, ta ce wurare ne da ake zato. A Pine Creek da ke Manitoba an tona ƙarƙashin coci a 2023 inda na'ura ta nuna alamu 14, ba a sami gawa ba.

Sannan tarin fuka a wancan zamanin kowa yake kashewa, Bature da ɗan asali. Ina ganin akwai rashin adalci mu zauna cikin ɗumin hita a yau muna yanke wa mutanen 1900 hukunci da ma'aunin yanzu. Abin da ya fi damuna shi ne an wayi gari in ka yi tambaya kawai sai a yi maka kallon maƙiyi. Maman Ilham, ki koya wa yarinya tausayi, amma ki koya mata bincike ma.

Abu Hanif (Saskatoon)

Injiniya, maganarka kan na'ura daidai ce, kuma kai ka fi ni saninta. Jaridu sun yi azarɓaɓi. Shugaban al'ummar 'yan asali ta Cowessess na lokacin, Cadmus Delorme, da ya sanar da alamu 751 a wurin tsohuwar makarantar Marieval cikin Yunin 2021, da bakinsa ya ce ba kabarin bai-ɗaya ba ne, kaburbura ne marasa alama, kuma maƙabartar har da manya a ciki. Ƙona coci ma shugabannin 'yan asalin da dama sun la'anci abin.

Inda muka rabu shi ne nan: mutuwar yaran ba a kan rada ta rataya ba. Shekara shida kafin Kamloops, a 2015, Hukumar Gaskiya da Sulhu ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair ta riga ta ƙirga mutuwa kusan 3,200 daga takardun gwamnati da na coci da kansu, daga baya rajistar ta haura 4,100. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba a ko rubuta sunan yaron ba. Kusan rabi ba a rubuta abin da ya kashe shi ba. Kuma al'adar sashen ita ce ba ya biyan kuɗin mai da gawa gida, sai a binne a kusa da makaranta a kafa gicciyen katako, katako ya ruɓe, makaranta ta rufe, ciyawa ta cinye wurin. Da za a tona Kamloops gobe a tarar babu kowa, sunayen nan da ke rajista ba za su goge ba.

Batun ma'aunin zamani kuwa, ai ba mu muka fara yanke hukuncin ba. Likitan gwamnati ne da kansa, Dakta Peter Bryce. A 1907 ya zaga makarantu 35 a yammacin ƙasar. Daga bayanan makarantu 15 ya gano kashi 24 cikin ɗari na yaran da suka shiga sun mutu, a makarantar File Hills kuwa kashi 69 cikin ɗari na waɗanda suka bar makarantar sun riga sun rasu. Ya faɗi dalili: ana karɓar yaro mai tarin fuka a kwantar da shi ɗaki ɗaya da masu lafiya, tagogi a rufe don tattalin makamashi. Me ya sa ake karɓar mara lafiya? Don gwamnati kuɗin kai take biya, kowane yaro da kuɗinsa, shugaban makaranta kuwa ba ya son gado ya zauna babu kowa. Bryce ya ba da shawarwari, aka yi watsi da su, daga baya aka tura shi ritaya. A 1922 ya buga ɗan littafi ya kira abin laifin ƙasa. Wani babban lauya na Toronto, Samuel Blake, ɗan cocin Angilika ne ma, a zamanin ya ce gwamnati ta kusa faɗawa tuhumar kisa. Mutanen 1900 ɗin ne suka faɗa, ba mu ba.

Kuma akwai abin da ba za a ɗora wa tarin fuka ba. Masanin tarihi Ian Mosby ya fito da takardu a 2013 da suka nuna tsakanin 1948 da 1952 an yi gwajin abinci a kan yara kusan dubu a makarantu shida. An san suna cikin yunwa, aka bar wasu a haka don a kwatanta da waɗanda aka ƙara wa, har aka hana a duba musu haƙori kada ya ɓata sakamako. Ba a tambayi uwa ko ɗaya ba.

Tambaya ba laifi ba ce, Injiniya. Amma a yi ta har ƙarshe, kada a tsaya a Kamloops.

Anti Rabi (Regina)

Ƙanwata, ni ban iya shekaru da alƙaluma kamar su Malam ba. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a gidan kula da tsofaffi, abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Akwai wata tsohuwa 'yar Cree da na kula da ita kusan shekara uku, ta rasu yanzu. Mantuwar tsufa ta kama ta. Kullum in na zo gyara gado sai in tarar da burodi a cikin rigar matashi, wani har ya yi fumfuna. Na yi ta cirewa ina gaya mata akwai abinci, ko tsakar dare ta nema za a ba ta. Ranar da ta kama ni ina cirewa, matar nan da ta haura tamanin ta dunƙule a kusurwar gado ta kare kanta da hannu biyu. Ni ban ɗaga hannu ba, ban ɗaga murya ba. Daga ranar na daina taɓa mata burodi, sai dai in sauya tsohon da sabo in tana barci.

'Yarta ce ta ba ni labari daga baya. An ɗauke ta tana 'yar shekara bakwai, ta yi shekara takwas a ciki. Lamba aka ba ta, a jikin tufafinta aka rubuta, da ita ake kiranta. Yayanta yana ɓangaren maza a gini ɗaya, ba a yarda su yi magana ba. Rabin yini aji, rabin yini wanki da ɗinki da goge daɓe. Da ta fito, Cree ya kwance mata, ita da uwarta sai kallo.

Abin da ya sa ni kuka a mota ranar nan shi ne wannan. Da mantuwar ta yi nisa, Turanci ya fara zubewa, sai Cree ya dawo bakinta. Ta riƙa kamo hannun 'yarta tana zuba mata magana, 'yar kuwa ba ta jin ko kalma, don uwar ta ƙi koya musu da gangan, tana tsoron kada a yi musu abin da aka yi mata. 'Yar ta ce mini, "Uwata ba ta taɓa rungume ni ba sai da ta manta ko ni wace ce." Ta ce ba ta riƙe ta a rai ba, wanda ba a runguma ba ina zai koya.

An biya ta diyya, irin wadda aka fara biya a 2007, dala 10,000 na shekarar farko, dala 3,000 na kowace shekara bayan nan. Ki lissafa da kanki kuɗin shekara takwas.

Game da gwaggon abokin aikinki, ba mamaki mutuniyar kirki ce. Tsohuwar nan ma takan ambaci wata sista da ke ba ta alewa a ɓoye. Hukumar da Malam ya ambata ta saurari mutane fiye da 6,500, kuma ta rubuta har da masu godiya ga wasu malamai. Amma ki duba, a ɓoye take ba ta alewar. Mai kirki ce ke ɓuya a gidan. Ni wannan ya ishe ni sanin irin gidan.

Kuma kada ki ɗauka ya wuce. A ƙidayar 2021 'ya'yan 'yan asali ba su kai kashi 8 cikin ɗari na yaran Kanada ba, amma sun haura rabin yaran da ke hannun hukuma a gidajen riƙo. A lardinku ma abin ya fi muni.

Injiniya Sule (Calgary)

Anti Rabi, Allah ya saka miki da abin da kika yi wa baiwar Allahn nan. Malam, ban san labarin Bryce ba, zan nema in karanta. Har yanzu ina kan bakana cewa ya kamata a tona inda aka ce akwai gawa, don a rufe bakin kowa. Amma na gane ba ni ke da hurumin cewa a tona maƙabartar wasu ba.

Maman Ilham (Winnipeg)

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Rabi, sau uku na karanta naki, na kasa wucewa wurin burodin.

Ga yadda aka yi. Na bincika sai na tarar akwai ɗaya daga makarantun nan a cikin Winnipeg ɗin kanta, ta Assiniboia, a kan titin Academy, ta yi aiki daga 1958 zuwa 1973. Na sha wucewa ta wurin a bas ban sani ba. Ranar Asabar na ɗauki Ilham muka je. An yi wurin tunawa, an rubuta sunayen ɗaliban da na garuruwan da aka kwaso su. Ta riƙa bin sunayen da yatsa tana ƙoƙarin karantawa. A nan na ba ta amsarta. Na ce mamansu tana nan, ta so ta hana, amma an yi doka cewa in ta hana za a kulle ta ko a kulle babansu, a tafi da yaran duk da haka. Na ce wasu sun ɓoye 'ya'yansu a daji, wasu sun yi ta jira a bakin hanya. Ban gaya mata na Chanie ba, ta yi ƙanƙanta, sai nan gaba.

Ta ce, "An ba su haƙuri?" Na ce Firaminista Stephen Harper ya ba da a majalisa a 2008, Fafaroma Francis ma ya zo har Maskwacis a Alberta ya ba da a 2022. Ta ce, "An mayar wa Phyllis rigarta?" Na ce a'a.

Dattijon wurin aikinmu kuwa na same shi lokacin hutun rana. Na ce masa ya yi gaskiya kan na'urar, kuma ban zo zagin gwaggonsa ba. Sai na gaya masa abin da Macdonald ya faɗa da abin da Bryce ya gani, na tambaye shi ko gwaggon ta taɓa faɗa masa yadda yaran suke isowa makarantar, wa ke kawo su. Ya yi shiru ya daɗe. Ya ce ta taɓa ce masa makon farko ba a barci saboda kukan ƙanana, har sai sun gaji sun daina. Ya ce shi a tunaninsa duk makarantar kwana haka take. Bai ce ya sauya ra'ayi ba, ni ma ban matsa ba. Da aka tashi shi ya rage mini hanya kamar kullum.

Wani abu kuma da ban zata ba. Ina shirin jarrabawar zama 'yar ƙasa, kuma tun 2021 an saka amincewa da haƙƙoƙin 'yan asali da na yarjejeniyoyinsu a cikin rantsuwar, shi ne na ƙarshe cikin kiraye-kiraye 94 na hukumar nan. Da can haddace shi kawai nake yi kamar sauran. Yanzu da Malam ya ce an yi alkawarin makaranta a kan yankinsu a 1871, ina so in ga wurin da aka yi alkawarin kafin in ɗaga hannu. Wanda ya taɓa zuwa Lower Fort Garry ya gaya mini, ana shiga da yara a wannan lokacin ko sai bazara?